Sai Ruwa Ya Kwanta

Da aka ce mini mutumin da ke nemana da aure ma'aikacin rada ne, ban tsaya tambaya ba. Na zagaye dangi ina baza labari, har da ƙarin gishiri. Na ce shi ke hango jiragen sama tun suna bayan gajimare, na ce yana da kaki da hula. Ƙanwar babata ta ce, "To 'yar nan, ke kin taɓa ganinsa da kakin?" Na ce ai irin aikinsu sirri ne, ba a yawo da shi a gari. Wallahi ni da bakina na faɗa, ko kunya ban ji ba.

Sai da na tare na ga abin da na aura. Malam ruwa yake gadi. Ba kogi ba, ba tafki ba, ruwan tanki.

A cibiyar binciken da yake aiki akwai wani dogon zaure, a cikinsa an gina tanki mai bangon gilashi. Tsawonsa sai ka gaji da tafiya, faɗinsa bai wuce gadon kwana ba, ruwan kuma iya ƙugu. A kan tankin akwai faifan ƙarfe da inji ke turawa gaba da baya, shi ke tayar da igiyar ruwa. Can sama aka rataye radar, wani abu mai baki kamar mazurari, ta karkato tana kallon ruwan a kaikaice. Masu digiri su zo, su yi 'yan shekarunsu, su rubuta abin da za su rubuta, su ƙara gaba. Malam yana nan daram. Shi ke tace ruwan, shi ke kwashe dattin da ya taru a samansa, shi ke saita faifan, shi ke danna maɓalli. Kakin da na yi wa dangi alkawari kuwa ya ƙare a kan takalmin roba da wata shuɗiyar riga, wadda ni ce ma na riƙa yi mata faci.

Wata rana ina amarya na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah me suke nema a ruwan nan. Ya ɗauko faranti ya zuba ruwa, ya ajiye tsakaninmu.

Ya ce, "Rada saƙo take aikawa, sannan ta saurari abin da zai dawo. In ruwa yana kwance sumul, saƙon zamewa yake a kansa ya wuce gaba, ba abin da ke dawowa. In igiya ta taso a hankali, ɗan kaɗan ya dawo. Amma in ta miƙe ta yi tsini, tana gab da karyewa, sai amsa ta dawo da ƙarfi, ki ga layin da ke kan allo ya yi tsalle. Wannan tsallen muke son ganewa, don mai jirgi ya iya bambanta igiya da ƙaramin kwalekwale, ya kuma san tashin teku tun daga nesa."

Na ce, "Wato ruwa mai hankali ba a ganinsa, sai mai fitina."

Ya ɗan yi tunani, ya ce, "Kusan haka."

Na riƙe wannan karatu gam, kuma duk ilimin da ke cibiyar nan shi kaɗai ya amfane ni. In ina son Malam ya san ina duniya, ba shiru nake yi ba, miƙewa nake in yi tsini.

Aikin yana da ƙa'ida guda wadda Malam bai taɓa karyawa ba. Ba a fara gwaji sai ruwa ya kwanta. In an tayar da igiya an gama aunawa, sai a zauna a jira burbushinta ya mutu, ruwan ya koma kamar ba a taɓa taɓa shi ba. A fara ɗaukar awon kwantaccen ruwan, sannan a sake tayar da wata, don in sabuwa ta hau kan ragowar tsohuwa, awon ya lalace. Lokacin jiran nan Malam yakan ɗora yatsan hagu a kan maɓalli, ya ɗaga hannun dama, tafin a buɗe. Da zarar hannun nan ya tashi, ko shugaban cibiya ne ya shigo, nan zai ƙame.

To mu gidanmu na ma'aikata bango ɗaya ya raba shi da zauren. Ni kuma tela ce, kekena na ƙafa ne, in na hau shi ƙasa har rawa take. Ba a jima ba aka gano cewa ɗinkina yana bayyana a awon masu digiri. Sai Malam ya ja waya ta cikin bango ya sa mana jan ƙwan fitila a falo. In ya kama, kowa ya tsaya inda yake. A ƙarƙashin fitilar nan na haifi 'ya'yana na raine su. Sun iya sanɗa kafin su iya gudu. Na taɓa tsayawa da bokitin ruwa a hannu har kafaɗata ta sage, na taɓa haɗiye atishawa har hawaye suka zubo mini. Maƙwabta suka raɗa wa Malam suna Sai-Ya-Kwanta, ko a jikinsa.

Kullum ina mita, ina cewa an mai da ni fursuna a ɗakina. Amma wa ya fi ni tsare dokar? Mai kawo ɗinki ta shigo da sallamarta, in daka mata harara in nuna mata fitila, ta tsaya a bakin ƙofa da yadi a hannu ba ta san laifinta ba. Ranar da na je duba wata a asibiti na ga jan fitila a kan ƙofar ɗakin tiyata, sai kawai na tsinci kaina ina tafiya a kan yatsu, har ina yi wa wata nas alama ta rage ƙarar takalmi. Ta dube ni sama da ƙasa ta wuce.

Malam bai bar ƙa'idar nan a wurin aiki ba, da ita yake zaman duniya. Maƙwabta su yi faɗa a kira shi sulhu, ya ce a bari ruwa ya kwanta. Yara su yi laifi, ba ya magana ran nan, sai jibi, lokacin da su kansu sun manta. Kuma in za a faɗi gaskiya, sau da yawa tana yi masa aiki. Ni dai ta sha cetona daga bakina, don akwai maganganun da da an tanka mini a lokacin, da yanzu ba a wannan gidan nake ba da labari ba.

Sai Allah ya ba mu Auta. Shi wannan da ƙara aka haife shi. Shi ne yaron da zai ga fitila ta kama, tari ya taso masa. Duk da haka shi Malam ya fi so, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba. Burinsa Auta ya yi karatu ya shiga zauren nan ta babbar ƙofa, ya zama cikin masu cewa a danna, ba mai dannawa ba. Yaron kuwa yana da kai, karatu ya yi nisa. Ana gab da gamawa, ya zo hutu, muna cin abinci da rana, ya ce ya bar makaranta. Ya sami aiki a bakin teku, a ƙananan jiragen da ke jawo manyan jirage zuwa tasha.

Malam ya ce, "Ka ƙarasa tukuna."

Auta ya ce ba zai ƙarasa ba. Magana ta ja magana, ni ma na sa baki inda ba a tambaye ni ba, na ƙara wa wutar mai. Can sai yaron ya ce, "Baba, duk rayuwarka igiyar baho kake aunawa. Ko teku ba ka taɓa gani ba. Ni ruwan gaske nake so."

Malam ya ɗaga hannun dama.

Ba duka zai yi ba, bai taɓa dukan ɗa ba. Hannun nan ne dai na kullum, tafin a buɗe. Mu kuwa, da ni da yayyen Auta, muka ƙame, cokali a hannu. Ni da ke iya faɗa da gari guda, na yi tsit. Auta ya jira a ce masa wani abu, ko zagi ne. Ba a ce ba. Ya tashi ya ɗauki jakarsa ya fita. Malam yana nufin a dakata ruwa ya kwanta sannan ya ba shi amsa. Shi kuma yaron ya ɗauka an ce masa je ka, na sallama ka.

Daga nan shekaru suka yi ta tafiya. Auta ya yi aure, ni na je, Malam ya ce ana tsakiyar gwaji. Aka haifa masa 'ya, ni na je, Malam ya ba ni kaya niƙi-niƙi in kai, amma ko kalma ɗaya bai ba ni in kai ba. In na ce, "Malam, ka kira yaron nan mana," sai ya ce, "Bari ruwa ya kwanta, Maman yara." Shi ma Auta ba zai kira ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ɗauko ilimina guda ɗaya na gwada. Na miƙe, na yi tsini, na karye, na yi kuka har da majina. Malam ya zauna yana kallona yadda yake kallon tanki, sai da na kwanta, ya tashi ya haɗo mini shayi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ni dai nawa dutsen ya ƙi nuna. Abin yana cin raina ƙwarai, don na san mutumin nan yana kewar ɗansa. Na sha ganinsa ya ɗauki waya, ya nemo lambar, ya ɗora yatsa a kai, ya tsaya.

Ran nan surukata, matar Auta, ta kira ni. Ta ce, "Mama, ya sami aiki a wani babban kamfanin jiragen ruwa a ƙasar waje. Ƙarshen wata za mu tashi gaba ɗaya, kuma ban san ranar dawowa ba." Malam ya tsufa, ritaya ta ƙarato, ga hawan jini. In yaron nan ya ƙetare ba su yi magana ba, na san shi ke nan, sai dai wani ya ji labarin wani.

Na gaya wa Malam. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "In ka ce mini ruwa, wallahi sai na fasa tankin nan." Ya rufe bakinsa.

A makon nan ne Allah ya kawo Dakta, matashiyar da ke shugabantar binciken a lokacin. A tankin Malam ta yi nata karatun, tana ganin girmansa, Baba take ce masa. Ta ce lokaci ya yi da za a ɗauki radar a kai ta bakin teku, a ga ko abin da aka gano a tanki haka yake a can, kuma tana son Baba ya je ya danna maɓallin da hannunsa kafin ya ajiye aiki. Garin da za su kuwa, garin su Auta ne. Kafin Malam ya nemo takalminsa na gama haɗa akwatina.

Ya ce, "Ke kuma ina zuwa?"

Na ce, "Awo."

A hanya na kira surukata na ce ko da ƙarya ko da gaskiya ta turo mini mijinta bakin ruwa gobe da safe, ya zo da yarinyar. Ta ce za ta gwada, amma ba ta yi alkawari ba.

Da safe muka isa. Wata doguwar gada ce ta siminti da ta kutsa cikin teku, ba ta kai ko'ina, a can ƙarshenta za a kafa na'urar. Malam ya sauko daga mota ya tsaya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan igiyar ruwa, yau ga ta nan ta fi shi tsawo, tana zuwa tana dukan siminti tana watsewa, wata na bin bayanta. Na zuba masa ido in ji abin da zai ce. Ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Wa ke kwashe wa wannan datti?"

Da aka fara aiki kuwa sai ya dawo Malam ɗinsa. Ya kafa ƙafafun ƙarfe, ya ɗaure radar, ya karkato bakinta daidai yadda take a zaure, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ni ina gefe da sabon zanena, ido na kan hanya, ba Auta ba alamarsa. Dakta ta duba allo ta ce, "Baba, bismilla, in ka shirya."

Malam ya ɗora yatsan hagu a kan maɓalli, ya ɗaga hannun dama.

Muka ƙame. Dakta ta ƙame, ɗalibanta suka ƙame, duk 'yan tanki ne, jikinsu ya san hannun nan. Ni kuwa ai ba a magana. Akwai wani mai kamun kifi a gefe yana zaune da ƙugiyarsa da 'yar rediyo, na lallaɓa na je na ce masa ƙasa-ƙasa, "Bawan Allah, kashe rediyon nan, ana jiran ruwa ya kwanta." Ya dube ni, ya dubi teku, ya sake dubana. Ya kashe. Ina jin ya ga ba a gardama da irina.

Haka muka tsaya, manya da hankalinmu, har da mai digirin digirgir, muna jiran teku ya yi shiru. Iska na kaɗa mana tufafi, igiya na ta dukan gada. Na lura Dakta ta farga, ta buɗe baki ta rufe, kunya ta hana ta gaya wa tsoho. Ni Allah na tuba, ban farga ba. Har cewa nake a raina, yau ruwan nan ya cika taurin kai.

Sai na hango Auta. Ƙato, da gemu, da manyan takalman aiki, 'yarsa a kan kafaɗa. Ya taho daga farkon gada da saurinsa, da ya hango hannun ubansa a sama sai ya rage tafiya. Ya ɗaga dugadugansa. Mutumin da ke jan jiragen da suka fi unguwarmu girma, ga shi yana sanɗa a kan siminti, teku na ruri a gefensa, har yana ɗora wa yarinyar yatsa a baki. Dariya ta taso mini, kuka ya taso mini, amma hannun Malam na sama, na haɗiye su duka biyu.

Ya zo ya tsaya kusa da ubansa. Shi ma ya jira, kamar yadda aka koya masa. Sannan da 'yar muryar da muke magana da ita in fitila ta kama, ya ce, "Baba, wannan ba ya kwanciya."

Malam bai juyo ba. Ya ce, "Ko da yamma?"

"Ko da yamma. Tun da na zo ban taɓa ganinsa a kwance ba."

"To ku yaya kuke yi?"

"A haka muke fita, Baba."

Na ga hannun Malam ya sauko a hankali, bai koma gefensa ba, ya sauka a kan damtsen Auta ya riƙe. Ya ce, "Kaina ya san haka. Hannun ne bai sani ba." Ya juyo ya dubi ɗansa, ya dubi yarinyar da bai taɓa gani ba. "Ranar nan ba korarka na yi ba. Jira nake in sami abin da zan ce maka."

Auta ya ce, "Ka samu?"

"Ban samu ba. Baho ne, gaskiyarka."

Auta ya ce, "Baba, ka yafe mini." Malam bai saki damtsen ba, da ɗaya hannun ya danna maɓalli. Layin da ke kan allo ya yi wani tsalle da ban taɓa gani ba, ya ƙi sauka. Daidai nan wata igiya ta daki gada ta yi mana wanka gaba ɗaya, sabon zanena ya jiƙe sharkaf. Na saki kukan da nake riƙe da shi, da ƙarfi, ba wanda ya ɗaga mini hannu. Ina cikin yi mai kamun kifi ya matso ya ce, "Baiwar Allah, in kunna?"

Auta bai fasa tafiya ba, ƙarshen wata suka tashi. Amma kwanakin da suka rage tare suka yi su, har ya ɗauki ubansa a jirginsu ya fita da shi. Malam ya yi amai tun daga tasha har suka dawo, kuma har yau yana ba da labarin kamar wanda ya ci yaƙi.

Yanzu ya yi ritaya, mun bar gidan ma'aikata, ba tanki ba jan fitila. Sai dai hali zanen dutse. Kwanan baya ina kan keke ina ɗinki, na ga ya ɗauki waya ya kira Auta, sai ƙafata ta ɗauke kanta daga kan keken, na yi tsit. Suka gaisa, ya saurara, sannan ya rufe bakin wayar da hannu ya dube ni.

Ya ce, "Ci gaba da ɗinkinki, Maman yara. Ya ce yana son jin ƙarar."